Damunar da Na Ari Bakin Babana

Ku 'ya'yana, na san labarin da ake ba ku duk lokacin da kuka je gida hutu. An ce muku wai ubanku ya taɓa ajiye aljani a cikin akwati yana ba shi fura. A bakin wasu aljanin ɗaya ne, a bakin wasu bakwai ne har da matansu da 'yan aikinsu. Wata tsohuwa a Kurgu ta rantse wa babbar yayarku cewa da idonta ta ga hayaƙi kore yana fita ta rufin ɗakina, alhali ko unguwarmu ba ta taɓa takowa ba. Ni kaina ran da na ji ana ba da labarin a kasuwar Kende, ban san ni ake nufi ba, sai da gashin jikina ya tashi. To ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi. Maganar fura gaskiya ce, amma ni na riƙa shanye ta.

Shekarata goma sha shida a lokacin. Ƙyanda ta tafi da idona tun ina ɗan shekara bakwai, ta bar mini baki da ƙafafu, kuma mutanen unguwarmu sun sha cewa da akasin haka aka yi da sun fi samun lafiya. Ina kwaikwayon muryar kowa. Na taɓa yin kukan kura a bayan makewayin mai gari, ya fito da gudun da tun yana saurayi bai yi irinsa ba. Na taɓa yin sallama da muryar surukin wani masunci, ya ɓuya cikin rumbu har la'asar. Gidanmu na Sarkawa masunta ne a bakin kogin Kwara, ƙasar Bagudo. Babana Garba ya fita da jirginsa ana tsakiyar cikar ruwa damuna biyu kafin wannan da nake ba ku labari, bai dawo ba. An tsinci jirgin a kife can wajen iyaka, shi kuwa ba a gan shi ba. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidansu. Aka bar ni, ni Sahabi, da ƙanen babana, Baffa Atiku, da kakata, Kaka Kulu.

Sai na yi muku bayanin Kaka Kulu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Babana ɗanta ne na fari, ita kuma mutuniyar da ce, irin masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". In wani Garba ya zo sayen kifi sai ta ce "mai sunan wancan". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa sannu in ya dawo daga ruwa, sai dai ta turo ƙwaryar fura da hannun wani. Ranar da aka zo da labarin jirgi tana daka. Na kasa kunne ina jiran in ji taɓarya ta tsaya. Ba ta tsaya ba, har gero ya yi laushi.

Ni kuwa ina makarantar makafi a birni, ina zuwa gida hutu. Matsalata a can ɗaya ce: littattafan da aka buga da rubutun makafi ba su taka kara sun karya ba, sauran kuwa sai ka roƙi mai ido ya karanta maka, mai ido kuma kullum yana da wurin zuwa. Jarrabawar fita tana tafe, kuma an riga an faɗa a gida, ba da mugun nufi ba, cewa in ban ci ba ga ɗinkin taru nan yana jirana har tsufa. Akwai wani malaminmu makaho, Malam Isiyaku, mutumin Kende, yana da kwamfuta mai magana, tana karanta masa duk abin da ya ga dama ba ta ce ta gaji ba. Na dami Baffa Atiku da zancenta har ya fara jin ta a mafarki. Shi Baffa yana kai bandar kifi kasuwar Dole Kaina. Wata rana ya dawo ta jirgi, ya ɗora mini wani abu mai sanyi a cinya, kamar faranti biyu da aka haɗa suna buɗewa kamar ƙyaure. Kwamfuta ce. Wani Badende mai kawo gwanjo daga Benin ya ba shi ita a kan kwando biyu na tarwaɗa, saboda gilashinta ya fashe, ba ta nuna komai.

"Sun ce idonta ya mutu," in ji Baffa. "Na ce to madalla, ta samu ɗan'uwa."

Muka ɗauke ta sai Kende, zauren Malam Isiyaku, shi ma yana gida hutu. Ya shafa ta ko'ina kamar mai sayen akuya, ya kunna, ya saurara, ya ce mai ita na farko ya kulle ta da kalmar sirri, kuma ko an buɗe, manhajar magana da ake sayarwa don irin wannan ta fi ƙarfin jirginmu da tarunmu a haɗe. Ya ce share ta za a yi tas a zuba mata wata manhaja mai suna Linuks, wadda take zuwa da muryarta a ciki. Na ji ya zaro faifai daga aljihu, ya ce shi ya kwafa da kansa. Nan fa Baffa ya ja da baya har ya take wa wani yaro ƙafa. Ku tuna lokacin Shari'a ne da zafinta, kowa yana lissafin yatsunsa kafin ya taɓa abin da ba nasa ba.

"Malam, kwafa ka ce? A wanga zamani? Ni hannuna biyu, kuma duka ina tuƙi da su."

"Kwantar da hankalinka, Atiku. Wanga faifai waƙafi ne. Waɗanda sunka yi shi sun ce kowa ya ɗiba, ya kwafa, ya ba wani, wanda ya iya ma ya gyara. Rijiyar bakin hanya ce, ba a sata a cikinta."

Aka jawo wuta daga shagon mai caji. Mu uku a kan tabarma, makafi biyu da mai ido ɗaya, kuma mai idon shi ne bai da amfani, don ya ƙura wa baƙin gilashi ido yana ta cewa shi fa bai ga komai ba. Malam ya kama kaina ya manna kunnena a gefen kwamfutar. Na ji faifai yana juyawa, ya yi sauri, ya lafa, ya sake ɗauka. Ya ce in jira kiɗa. Can sai ga wani ɗan kiɗan ganga gajere, ya ɗora yatsuna biyu a kan maɓallai biyu ya ce in danna tare. Na danna. Shiru ya biyo baya, mai tsawon da har na fara jin ƙudaje. Sannan wani abu ya yi magana a cikin zauren. Baffa ya yi salati ya nemi ƙofa. Muryar ba ta namiji ba ce ba ta mace ba, ba ta numfashi, ba ta hawa ba ta sauka. Ta riƙa yi mini tambayoyi da Turanci, wane harshe, wace ƙasa, shin a share duk abin da ke ciki, mene ne sunana, ni kuma ina lalube ina amsawa. Da aka gama ina murna, Malam ya ce in mayar da faifai in sake daga farko. Sau uku ya sa na share na zuba, na ukun bai ce mini uffan ba.

"Ran da ta lalace ba ni nan," ya ce. "Makahon da bai iya zuba wa kansa ba, har yanzu jagora yake jira."

Ba ta da muryar Hausa. Malam ya nuna mini yadda ake juya ta zuwa muryar Suwahili, wadda take karanta baƙaƙenmu kusan yadda aka rubuta su. Hausa ce kana ganewa, amma a shimfiɗe, ba karin sauti ko ɗaya, kamar mutum yana yi maka magana daga ƙarƙashin ruwa. Da yake wasu maɓallanta sun mutu, ya ba ni wani allon maɓallai daban mai doguwar waya, wadda za ta kai kamu shida. Ya zuba mini littattafai, hutu ya ƙare masa kafin nawa, ya koma birni.

A ɗakin babana na ajiye ta, kan akwatinsa na ƙarfe. Ba wanda yake kwana a ciki, tarunsa da komarsa suna nan a tare a lungu, har yanzu da ƙarnin ruwa a jikinsu. Kullum da safe a kai ta wajen mai caji, in samu abin da bai kai awa biyu ba ina karatu. Ba zan iya kwatanta muku daɗin ba. In so in maimaita layi sau ashirin, ba mai tsaki. Kaka Kulu ta san an kawo wani rediyo mai Turanci, ba ta kula shi ba, ba ta kuma taɓa jin ya yi Hausa ba.

Wata rana bayan azahar, maza sun tafi ruwa, mata sun kwanta, hadari ya taso ya tsaya bai zubo ba, gari ya yi tsit har kaji sun yi shiru. Ina kwance bayan tarin taru da allon maɓallai a kan cikina, sai na ji Kaka ta shigo da tsintsiya. Ashe kullum takan share ɗakin in ta ga ba kowa. Ba ta gan ni ba. Shaiɗan ya zo ya zauna a kan yatsuna. Na ce bari in tsorata tsohuwar nan ta jefar da tsintsiya ta fita da gudu, in samu abin tsokanarta na wata guda. Na juya murya zuwa mai Hausa, na rubuta abin da na ga zai fi tayar da hankali, wato yadda babana yake gaishe ta.

"Salamu alaikum, Inna."

Na toshe baki ina jiran ihu. Tsintsiya ta tsaya. Ba ihu, ba gudu. Na ji ta ajiye tsintsiyar a hankali kamar mai ajiye jariri, na ji gwiwoyinta sun yi ƙara ta zauna a ƙasa. Sannan ta faɗi kalmar da tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba.

"Garba?"

A nan ya kamata in fito ina dariya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma yadda ta faɗi sunan, kamar mai ɗanɗana abin da aka hana ta shekara arba'in, ya sa dariyar ta maƙale mini. Na rasa yadda zan fito. Yatsuna suka rubuta "Na'am."

Daga baya na gane yadda ta haɗa lissafinta, kuma a wurin mutumin bakin ruwa lissafin bai da gyara. Ta ruwa abin ya zo. Daga wajen iyaka ya zo, inda aka tsinci jirgin. Fuskarsa baƙa ce ba ta nuna komai. Muryar kuma ta wanda ya daɗe a cikin ruwa ce. Wanda ba a binne ba ai yana wani wuri.

Tun daga ranar, kullum bayan azahar sai ta zo. Ni kuma in riga ta shiga in ɓuya, ita tana zaton ina inuwar masallaci ina damun mutane. Takan zo da ƙwaryar fura ta ajiye gaban akwati da hannunta, in ta fita in shanye, don in aka bar ta za ta yi tsami, kuma ni ban iya ganin ɓarna ba. Washegari ta tarar da ƙwarya a lashe, imaninta ya ƙaru. A kwanakin farko tambayoyi take yi irin na kowace uwa, yana jin sanyi, yana samun abinci, akwai mutane a wurin. Ina amsawa gajere-gajere, "Lafiya lau, Inna", "Alhamdu lillahi". Daga baya ta daina tambaya. Sai ta zauna ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, ta faro tun daga ranar da ta haife shi, duk abin da kunya ta hana ta faɗa masa yana da rai. Ni ina bayan taru, gumi yana bin haƙarƙarina, ina jin abin da bai kamata wani mai rai ya ji ba.

Ruwa kuwa yana ta cikowa. Kwara ta cinye fadama ta iso bayan katangarmu, ina jin tana lasar ginin ɗakin, lap, lap, daidai inda nake jingina kai. Ƙarnin taru ya ƙaru. Na fara lura ina rubuta abubuwan da ban shirya ba. Babana yana da wata al'ada, in an gama ba shi labari sai ya ce "To, to, haka Allah ya so." Na manta da ita sarai, sai ga ta ta fito daga yatsuna, muryar ta faɗa, Kaka ta yi wani sauti a maƙogwaro. Wata rana kuma ta yi shiru tana jiran amsa, ni hannayena duka biyu suna ƙarƙashin kaina, ban taɓa komai ba, sai muryar ta kama magana da kanta, doguwa, wani gunguni da ba Hausa ba ba Turanci ba. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Sai da kwamfutar ta mutu ɗif na gane sanarwa ce cewa caji ya kusa ƙarewa, muryar Suwahili ce ta tauna Turancin.

Na gwada dainawa. Rana ɗaya na ƙi shiga, na zauna a masallaci. Ta zauna gaban akwati tun azahar har rana ta yi sanyi tana kiran sunan a hankali, ranar ba ta ci komai ba. Washegari na koma bayan taru.

Abin da ya tona mu magana ɗaya ce da ta faɗa a bakin ƙofa za ta fita, da ɗan ƙarfi, kuma ita kaɗai zan maimaita muku don duk gari ya riga ya ji ta. Wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya tana tsaye a tsakar gida.

"Ka ga ɗiyanka Sahabi ya girma, sai ta'adi. Amma don Allah, Garba, kada ka tahi da shi. Ka bar min shi."

Kafin la'asar labari ya kai bakin ruwa, kafin kwana biyu ya haye Kwara. Mata suka fara sallama, wannan mijinta ruwa ya ci, waccan ƙanenta, kowa tana so a tambayar mata. Kaka ta kore su da muciya. Korarrun suka kai magana gaba. A shekarun nan ba a wasa da irin wannan. An ƙona layun bokaye a bainar jama'a, masu garaya da 'yan bori sun tattara sun haye iyaka. Gidan da aka ce ana magana da matattu a cikinsa ba za a bar shi ba.

Da hantsi suka zo, Liman da shugaban 'yan Hisba na yankinmu da mutanensa, bayansu kuma duk wanda yake da ƙafa a garin. Baffa Atiku yana Dole Kaina. Aka shiga ɗaki aka fito da kwamfutar, wayar ta zare ta faɗi bayan akwati ba wanda ya lura, allon maɓallai yana can ƙarƙashin taru. Aka kife turmi a tsakar gida aka ɗora ta. Liman mutum ne mai sanyin hali, ya ce ba su zo cin mutuncin kowa ba, amma in tsafi ne ko aljani, za a farfasa a zuba a Kwara, a yi wa gida addu'a, magana ta ƙare. Na yi maza na ce ai kwamfuta ce, ta karatu ce, malaminmu ya haɗa mini.

"Na san kwamfuta, yaro," in ji shugaban 'yan Hisba. "Na gan ta a sakatariya. Kwamfuta tana nuna rubutu, wagga baƙa ce ƙirin. Kuma ban taɓa jin kwamfutar da ta san sunan da mamaci ke kiran uwarsa ba. In ba kowa ciki, wa ke amsa wa tsohuwa?"

Sai na ji Kaka ta ratso mutane, ta tsaya tsakanin turmi da su. Matar da ko gaban mace 'yar'uwarta ba ta kiran sunan, ta buɗe baki gaban Liman da mazan gari.

"Garba na ne. Ɗiyana ne. Ruwa ya ci shi sau guda ban ce komi ba. Wanda zai maishe shi ruwa sai ya haɗa da ni."

Maganarta ta gama yanke hukunci, don yanzu ba mai shakkar akwai abu a ciki. Liman ya sa mata biyu suka kama ta a hankali suka janye. Na ji wani ya ɗauki taɓarya daga jikin bango, na san ƙararta in ta gogi ƙasa.

Ina so ku fahimci abin da ke gabana. In na yi shiru, za a fasa, a zuba a ruwa. Kaka za ta yi kuka, amma za ta rayu tana cewa ɗanta ya dawo ya saurare ta kafin a raba su, kuma abin da ta faɗa ya isa inda ta aika shi. Ni kuwa littattafaina sun tafi, jarrabawa ta tafi. In na yi magana, kwamfuta ta tsira, Kaka kuma ta san gaban duk gari cewa jikanta ta yi kwana ashirin tana buɗe wa cikinta. Da zan so in ce muku gaskiya ce ta motsa ni, ko tsoron Allah. Ba su ba ne. Na ji iskar taɓarya ta tashi sama, na tuna ɗinkin taru, na yi ihu.

"Ni ne! Malam, ni ne ke amsawa!"

Na shiga ɗaki da lalube na jawo allon maɓallai da wayarsa, na jona, na kunna. Na ce Liman ya raɗa mini duk abin da ya ga dama a kunne. Ya sunkuyo ya raɗa. Na koma can bakin zaure iyakar tsawon waya na rubuta. Muryar nan ta ƙarƙashin ruwa ta sanar wa jama'a cewa jakin Liman ya fi ladaninsa tashi da wuri. Ladan yana wurin. Dariya ta fashe kamar an fasa rumbu. Na ce shugaban 'yan Hisba ya danna maɓalli ɗaya da hannunsa. Ya yi bisimilla sau uku ya danna, ta kira baƙin da ya taɓa, ya yi tsalle har hularsa ta faɗa cikin kwatarniya. Yara suka yi ca, kowa yana so ta faɗi sunansa. Liman ya ce na'ura ba ta da laifi, ilmi ne, a bar wa yaro abinsa. Sannan ya kama kunnena ya murɗa, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Ita ba ta da laifi. Kai ko ka ari bakin mamaci. Wanga ba ni ke yafe shi ba."

A cikin duk hayaniyar nan kunnena yana wuri ɗaya. Na ji matan da suka riƙe Kaka sun sake ta. Na ji tafiyarta ta nufi ɗakinta, ba sauri, kuma ba ƙarar takalmi, ta bar su inda ta tsaya. Asabari ya sauka.

Baffa ya dawo ya ji labari, ya yi mini dukan da har yau in hadari ya taso bayana yana tunawa. Wannan bai dame ni ba. Kaka ce ta yi kwana tara ba ta ce mini ko ci kanka ba. Abincina yana zuwa ta hannun wani. In na yi sallama a ƙofarta na durƙusa ina neman gafara, sai in ji numfashinta kawai a ciki. Ba ta sake share ɗakin babana ba. Mata a bakin ruwa suna kwaikwayon yadda ta tsaya gaban turmi, in ta doso su yi shiru, kuma ta san abin da shirun yake nufi.

A rana ta goma da safe tana wajen banda tana juya kifi, ni ina wucewa da sandata, ta kira ni. Na je na tsuguna cikin hayaƙi.

"Abin da na hwaɗi, yana cikin akwatin?"

"A'a, Kaka. Ba ta da kunne, baki kawai gare ta."

"To wa ya ji?"

"Ni kaɗai."

"Duka?"

"Duka, Kaka."

Na ji ta ɗaga kifi ɗaya ta kife, ta ɗaga wani. Itace ya yi ƙara a wuta. Na shirya jin tsinuwa, har na sunkuyar da kai don ta sauka daidai.

"To ka riƙe," ta ce. "Ba naka ba ne, ajiya ce. Ni na tsufa, ban san ko za a haɗa mu wuri guda ba, kuma ko an haɗa mu bakina ba zai sake buɗewa ba. Ran da ka iske shi, ka ba shi. Kada ka rage komi."

Na ci jarrabawa. Da wannan kwamfuta mai mataccen ido na ci ta, kuma da irin muryarta nake rubuta muku wannan. Na rubuta abubuwa da yawa tun daga lokacin, wasu ma ba su cancanci tawada ba. Abin da Kaka Kulu ta faɗa a ɗakin nan bai taɓa shiga maɓalli ba, kuma kada ɗayanku ya tambaye ni. Nakan maimaita shi a zuci lokaci-lokaci, daga farko har ƙarshe, don kada in je da shi da giɓi.